Shagon kayan babur a Fagge da ya taimaka mini na tashi Hondar mahaifina

Babur ɗin Honda CG125 ne, ja, na marigayi mahaifina. A 1982 ya saye shi da bashin abin hawa na ma'aikata, ya hau shi har ƙarfinsa ya ƙare, daga nan aka tura shi lungun soro aka lulluɓe da tsohuwar tabarma. Shekara goma sha ɗaya ya yi a wurin. Ranar da na yaye tabarmar, tayoyin sun kwanta sun tsattsage, zanzaro ya yi gini a bakin salansa, da na buɗe murfin tanki kuwa wani wari mai kama da na tsohon fenti ya buge ni. Amma da na taka kik a hankali sai na ji ya tafi, inji bai ƙame ba. Wannan kaɗai ya sa na yi niyya.

Ba marmari ne ya fara kai ni gare shi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu daga unguwarmu zuwa makarantar da nake koyarwa ya soma cinye albashi tun wata bai raba ba. Sabon babur ya fi ƙarfina. Ni ba bakanike ba ne, sai dai na tashi ina miƙa wa Baba sifana duk safiyar Asabar idan zai yi juyen baƙin mai, kuma akwatin kayan aikinsa na nan yadda ya bar shi. Na yanke shawarar in gyara shi da hannuna a tsakar gida, abin da ya gagare ni in kai wa masu shi.

Kusan duk kayan da na ɗaura a shago ɗaya na saye su, cikin wata huɗu, zuwa bakwai ko takwas. Shagon yana Fagge, a layin masu kayan babur. Ban nemi izinin mai shi ba, don haka ba zan kama sunansa ba, zan dai ce masa Alhaji kamar yadda kowa ke kiransa. Shago ne ƙarami, mutum uku ba sa tsayuwa a ciki a sake. Sarƙoƙi da wayoyin birki sun rataye tun daga rufi, kwalaye sun kai silin, rabin kantar kuma kayan Keke Napep ne, domin tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 masu wannan sana'a da yawa suka karkata can. Kayan tsofaffin babura suna can baya, a wasu gwangwanaye marasa rubutu waɗanda Alhaji kaɗai ya san abin da ke cikin kowanne.

Zuwana na farko da doguwar takarda na je: sabon kafireto, fistin da ringi, kwayil, batir, faranten kuloci, har da sirdi. Ya karɓa ya karanta har ƙasa, sannan ya ɗago.

"Malam, ka tashi injin?"

"A'a, Alhaji, ai ya daɗe a ajiye."

"To ka buɗe shi ka ga abin da ya ci?"

Na ce ban buɗe ba. Sai ya ninke takardar ya miƙo mini. Ya ce in na sayi waɗannan kaya yau, rabinsu zan ajiye su a kan wanda ba abin da ya same shi. Ya ba ni fulogi ɗaya NGK D8EA, da litar baƙin mai, da tiyon fetur, da 'yar matatar mai ta roba wadda ake sa wa tsakanin tanki da kafireto. Ya ce in wanke tanki, in wanke kafireto, in juye tsohon mai, in tashi injin in saurare shi, sannan in dawo mu yi magana. Kuma duk abin da zan saya nan gaba in zo da tsohon a hannuna. Na shigo da kuɗin da na yi wata biyu ina tarawa, na fita ban kashe ko kashi ɗaya cikin goma ba. A kasuwar da kowa ke jan hannun rigarka, wannan ne ya sa na koma wurinsa.

Yana da dalilin da ya sa bai yi gaggawa ba, kuma na gane shi da na fara kwance babur ɗin. Kamfanin Honda ya fito da CG125 a 1975 musamman domin ƙasashe irin namu, inda ake lodi fiye da kima, ga ƙura, ga jinkirin juyen mai. Shi ya sa ba a sa masa sarƙar taimin da ke hawa kan inji ba. Wasu 'yan sanduna biyu ne ke tura bawul daga ƙasa, inda mai ya fi isa, don haka yana jure wulaƙancin da wani injin ba zai jure ba. Soson da ke tace iska ma wankewa ake yi a mayar. Kuma tsarinsa ne kamfanonin Sin suka kwaikwaya suka cika kasuwa da shi, abin da ya zama alheri ga irina, tunda kayan ba sa yankewa. Sai dai nan ne kuma tarkon yake: kaya su yi kama a ido, ka kai gida su ƙi zama, ko su zauna su ƙare cikin wata guda.

Tanki ya ci mini kwana uku. Na zuba kananzir da notuna cikin tafin hannu biyu, na toshe, na yi ta jijjigawa ina zubarwa har ruwan ya daina fitowa ja. Ƙanena ya taya ni, don hannu ɗaya ba ya iyawa. Na ƙirga notunan kafin in zuba, na sake ƙirgawa bayan na fitar, saboda ko ɗaya ya maƙale a ciki ƙararsa ba za ta bar ka ba. Wurin juyen mai kuma, a bayan babban murfin da ke gefen hagu na injin akwai 'yar raga da sifirin. Ragar ta toshe da wani baƙin abu kamar kwalta. Da buroshin haƙori da fetur na wanke ta.

Kafireton shi ne inda na fi daɗewa, kuma a nan ne na samu abin yabo da abin ƙorafi a lokaci guda. Na asali ne, an buga Keihin a jikinsa. Fetur ɗin da ya kwana shekaru a cikin kofinsa ya zama danƙo kore, ƙaramin jet ɗin silo, wato ɗan tagulla mai rami da fetur ke bi ta ciki, ya liƙe har haske ba ya ratsa shi. Na ɗauke shi dungurungum na kai wa Alhaji, na ce ya ba ni sabo in huta. Ya jujjuya shi, ya zaro silaid ɗin ya duba gefensa, ya ce, "Wannan ba a yar da shi. Sabon da zan ba ka, in ya yi maka shekara biyu ka gode Allah. Wannan ya yi arba'in, ga shi ko girgiɗi ba ya yi." Ya sayar mini da 'yar ledar kayan gyara mai ɗauke da fakin (abin da ake sa wa tsakanin ƙarfe biyu don hana yoyo), da allurar fulot, da jet biyu, da doguwar allura.

Na koma gida na ɗaura duk abin da ke cikin ledar, sabo fil. Babur ya tashi a kik na shida, da farin ciki na kira mahaifiyata ta fito ta ji. Sai dai silo ya ƙi zama, in na murɗa totur ya shaƙe, fulogi kuma cikin minti goma ya yi baƙi ƙirin da toka. Kwana biyu ina juya sukurun iska ba canji. A ƙarshe na jera tsofaffin jet da sababbi a kan farar takarda a rana, sai na ga ramin sabon babban jet ɗin ya fi na tsohon faɗi ƙarara, doguwar allurar ma sirantarta daban ce. Mai ne yake yi wa injin yawa. Na jiƙa tsofaffin a fetur kwana ɗaya, na zare silin waya guda daga tsohuwar wayar kuloci na bi ramin a hankali, na hura da famfon keke, na mayar da su. Daga ledar, fakin da allurar fulot kawai na bari. Nan take silo ya kwanta, irin bugun nan mai natsuwa da na sani tun ina yaro.

Da na gaya wa Alhaji sai ya ce ai an san jet ɗin cikin leda ba a amfani da su. To, an sani a Fagge, ni ban sani ba, kuma shi ne ya san cewa a gida nake aikin ni kaɗai. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta cece ni daga wahalar kwana biyu. Wannan na riƙe shi a matsayin gazawa. Duk wanda zai sayi irin wannan leda, ya adana tagullan asali, ya wanke su, kada ya soka musu allurar ɗinki don tana faɗaɗa ramin.

Bayan silo ya zauna sai ainihin ciwon ya bayyana. Hayaƙi shuɗi yana bin salansa, in na taka kik ba na jin nauyin da ya kamata. Na cire kan injin da bulo na nannaɗe a tsumma na kai. Alhaji ya sa farce a cikin silindar ya ja sama, farcen ya tsaya a wata gaɓa kusa da baki. Ya ce ringi kaɗai ba zai yi ba, sai gundura, wato a faɗaɗa ramin silindar a sa fistin da ya ɗan fi girma. Faɗin silindar CG125 milimita 56.5 ne, fistin ɗin gundura kuma hawa-hawa yake zuwa, daga 0.25 zuwa 0.50 har sama. Ya ce in fara da mafi ƙanƙanta da zai share zaizayar, don a bar wa bulon nama saboda gaba. Ya kuma ce fistin ake fara saya, a kai wa mai gundura tare da bulo ya yanka daidai da shi, ba a yin gundura sannan a zo neman fistin.

A nan na ga abin da ya bambanta shagon da sauran. Ya zaro kwali uku ya jera a kan kanta, dukkansu da tambari masu kyau, biyu ma har da rubutun Japan. Ya nuna na farko ya ce wannan na masu gyara su sayar ne, in hawa zan yi kada in taɓa shi. Na biyu ya ce shi yawancin mutane ke saya, yana yin aiki. Na uku ya ce tsohon ajiya ne, kuɗinsa ya kusa ninka na biyun, kuma ba zai rantse mini cewa daga Japan ya fito ba, amma ya san wanda ya kawo shi daga Nnewi kuma bai taɓa samun ƙorafi a kansa ba. Ya ɗora mini su a tafin hannu ɗaya bayan ɗaya. Na farkon gefensa da kaushi, har da 'yan ɓurɓushin ƙarfe a ramin ringi. Na ukun sumul yake, ringinsa da harafi a fuskar da ke kallon sama. Ya karɓi tsohon fil ɗin fistin da na zo da shi ya gwada, domin kaurinsa yakan bambanta a wasu na Sin. Na ɗauki na ukun. Da na nemi ragi ya rage kaɗan, ya ce, "Malam, araha ba ta ado. Ka rage a sirdi da madubi, kada ka rage a cikin inji da birki."

Mai gundurar da ya tura ni wurinsa yana bayan layin, ya gama cikin yini ɗaya, aikinsa kuma ya yi kyau. Abu ɗaya zan ƙara wanda ba wanda ya gaya mini sai wani tsohon bakanike maƙwabcinmu: bulon da ya dawo daga gundura sai an wanke shi da ruwan zafi da omo, a goge da farin ƙyalle har ƙyallen ya daina baƙi, a shafa mai nan take. Garin dutsen da ke maƙale a jikinsa shi ke cinye sabon ringi.

Fakin ɗin inji da na saya a shagon bai gamsar da ni ba. Na kan silinda ya yi, amma na murfin kuloci siriri ne kamar takardar littafi, ramin noti biyu ba su hau daidai ba, kuma bayan mako guda ya soma tsattsafo da mai. Na koma, ya ba ni wani mai kauri, amma sai da na sake biya. A kan wannan kayan bai jera mini hawa uku ba, abin da hannun yaronsa ya kai kawai aka ba ni. Alherin da ke cikin buɗe murfin sau biyu shi ne na samu damar wanke matatar mai mai juyawa da ke bayansa, wadda na tarar cike da datti mai tauri kamar yumɓu. Ina zaton tun da aka sayi babur ɗin ba a taɓa buɗe ta ba.

Saitin tafet, wato daidaita 'yar tazarar da ke kan bawul, na yi shi da safe, inji da sanyi. Na juya magneto har alamar T ta zo daidai da tsagar, bawul biyun duk a rufe, na sa ma'aunin milimita 0.08 a kowanne har ya riƙa wucewa da ɗan ja. Ma'aunin na cikin akwatin Baba ne, ya yi tsatsa a baki amma lambobin na nan. Wutar babur ɗin ta zamanin da ce, bolt 6 da kwantak, wato 'yan ƙarafan da ke buɗewa da rufewa don fulogi ya ba da wuta. Mutane da yawa sun ce in mayar da shi bolt 12 da CDI, wato ɗan akwatin lantarkin da ya maye gurbin kwantak a baburan yanzu. Na tambayi Alhaji, ya ce yana da kayan kuma zai fi samun ciniki in na saya, amma tunda wutar tana bugawa shuɗiya in goge kwantak ɗin, in saita buɗewarsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4, in ci gaba da hawa. Ya faɗa mini gaskiyar abin da zan fuskanta: batir da ƙwan fitila na bolt 6 suna ƙara wuya a kasuwa, fitilar kuma ba ta da haske sosai. Hakan ne kuwa. Ba na yin nisa da shi bayan isha'i, kuma wataƙila baɗi in canja.

Takalman birki na gaba da baya duka na canja, don na tsohon ɗaya fatarsa ta ɓanɓaro tana lilo a cikin dirom. Wanda zai buɗe tsohon dirom kada ya hura ƙurar da baki, ya goge da jiƙaƙƙen tsumma, domin takalman da akwai asbestos a cikinsu kuma yana illa ga huhu. Waɗanda Alhaji ya zaɓa mini suna kamawa sosai, ba sa kuka. Sarƙa lamba 428 ce, kuma ya ƙi sayar mini da ita ita kaɗai, ya ce sifoket da haƙoransa suka karkace kamar ƙaho zai cinye sabuwar sarƙa, sai na haɗa ukun. Yanzu na yi wata bakwai a kansu, sau biyu kawai na ja ta. Taya ba ya sayarwa, amma ya koya mini karanta lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, don kada a ba ni wadda ta tsufa a sito. Baƙin mai kuma ya hana ni zuba ragowar na mota, ya ce kulocin babur a cikin mai yake wanka, wani man motar yana sa shi sulɓi, in nemi mai alamar JASO MA a jikin galan.

Ranar da Alhaji ba ya nan, shagon wani shago ne daban. Sau ɗaya na tarar ya tafi ta'aziyya, yaron ya ba ni wayar kuloci ba tare da ya gwada ta da tsohuwar da na miƙa masa ba. Na kai gida ta yi gajarta da kusan yatsa biyu. Washegari na dawo da ita, yaron ya ce an riga an yage leda. Sai da Alhaji ya dawo ya karɓa ya canja mini, ya kuma yi masa faɗa a gabana. Ba sa ba da rasit, ba a rubuta farashi a jikin komai ba, kuma farashin yana motsi daga zuwa ɗaya zuwa na gaba, ko da yake wannan duk kasuwar ce, kowa da dala yake kafa hujja. Wurin ajiye abin hawa babu. In ka je tsakanin sha ɗaya da azahar, bakanikai ne cike a ƙofar kowa na miƙa hannu, ba za ka samu natsuwar tambaya ba. Ni na koma zuwa da misalin ƙarfe tara na safe a tsakiyar mako, lokacin yana zaune da shayinsa, yana da sararin duba kayan da ka kawo.

Ga mai gyaran tsohon babur a gida, wanda bai san hawa-hawan kaya ba kuma ba shi da ogan da zai tambaya, ina ba da shawarar wannan shago ko irinsa, da sharaɗi uku da na koya da kuɗina: ka je da tsohon kayan, ka tabbatar mai shagon ne da kansa zai sallame ka, kuma ko a kan ƙaramin abu kamar fakin ka ce a nuna maka hawa na sama. Mai neman mafi araha don ya gyara ya sayar zai samu inda ya fi nan sauƙi a layin.

Bayan gundura na yi kilomita 500 ina lallaɓa shi, ban cika masa totur ba, ban ɗauki kowa a baya ba, sannan na juye mai na sake duba tafet. Hayaƙin ya ɗauke. Da sanyin hunturu kik biyu yake tashi in na ja cok, soson iska kuma duk mako biyu nake wanke shi da kananzir in ɗiga masa mai saboda ƙura. Ban yi masa fenti ba, jan ya koɗe a saman tanki inda gwiwar Baba da hannunsa suka goge shi, kuma haka zan bar shi. Ran Juma'ar farko da na je masallaci a kai, wani dattijo abokin Baba ya tsaya ya dafa sirdin ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya yi masa addu'a.

Abin da ya rage shokozoba ce ta baya, ta hagun tana zubar da mai. Sababbin da ke shagon Alhaji ya ce sun yi wa wannan babur tauri, in ba shi mako biyu zai duba mini cikin na hannu. Na bar masa tsohuwar don ya gwada tsawo.